Ranar da Aka Tambaye Ni Sunan Uwargida

Na manta abubuwa da yawa a duniya, kamar yadda za ku gani nan gaba kaɗan, amma ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, a shekarun da aka fara shari'a a jiharmu. Ranar ce na tsaya a bakin hanya da gemuna fari fat, sa'o'in jikokina suna yi mini jarrabawa ina faɗuwa.

Bari in faro daga tushe. Ni mutumin Sandamu ne, fataucin awaki na yi har gwiwa ta ce ta gaji. Karatuna bai wuce izu biyu ba, boko kuwa mako uku na yi na gudu, don ranar kasuwa ta fi mini daɗi. Matata ɗaya ce, shekara arba'in da 'yan kai muna tare. Da aka kai autarmu ɗakin miji sai gidan ya yi mata faɗi. Ta daina hira, ta daina cin abin kirki, ta daina yi mini faɗa (wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni tsoro). Muka je asibiti a Daura, likita ya ce hawan jini ne. Ya rubuta magani, sannan ya dube ni ya ce, "Baba, ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba. Zaman ɗakin nan ne ke cin ta. A riƙa fita da ita tana shan iska, tana taka ƙasa."

Ina da wani tsohon babur da nake zuwa kasuwa da shi. Na ɗaura masa matashi a baya, na ce, "Uwargida, hau." Sai da na yi mako ina lallashi kafin ta yarda, wai mutane za su ce tsufa ya taɓa mana kai. Ranar farko rijiyar Kusugu na kai ta, abin da ke kusa da mu amma ba ta taɓa leƙawa ba, ta ja guga da hannunta ta sha. Wata Lahadi muka je kasuwar Mai'aduwa ta ga raƙuma, ta ce wani daga cikinsu ya yi kama da ni in ina tauna goro. Muka je wajen Baure, muka ajiye babur a gindin tsamiya muka taka da ƙafa tsakanin gonaki, tana nuna mini gonar da aka yi wa noman lalaci. Ranar da ta dungure mini ƙeya ta ce ina tuƙi kamar wanda ya sato babur ɗin, na ce alhamdu lillahi, sauƙi ya fara samuwa.

'Yan majalisarmu kuwa sun sami abin yi. In mun zo wucewa sai ka ji, "Ango, yau kuma ina aka nufa da amarya?" Ni kuma in danna musu oda in wuce.

To a lokacin, garuruwa da yawa akwai samari 'yan sa-kai da ke tsayawa a bakin hanya, suna lura kada mai babur ya ɗauko matar da ba tasa ba. Kuma in faɗi gaskiya, a majalisa babu wanda ya kai ni yabon su. Ni ne mai cewa, "Haka ake so, a gyara gari." Ban san ni za a fara gyarawa ba.

Wannan Larabar mun nufi dam ɗin Daberam. Ta dafa dambu ta zuba a kwano, ta dama fura a jarka, ta ɗauko tabarma. A wani ƙauye da ke kan hanya (ba zan faɗi sunansa ba, har yau in na zo wucewa sauri nake ƙarawa) samari uku suka ɗaga mana hannu. Babbansu yaro ne mai ladabi, gemunsa bai gama haɗuwa ba. Ya gaishe ni har da rusunawa, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, aiki ne. Wannan da ka ɗauko wace ce?"

Da na ce masa matata ce, da tuni mun wuce. Amma ni tun ina yaro bakina ke jawo mini duka. Na gyara hula na ce, "Budurwata ce. Zance za mu je bakin ruwa."

Na jira dariya. Babu wanda ya yi. Uwargida ta mintsine ni a haƙarƙari. Yaron ya ce, "To Baba, tunda da bakinka ka faɗa, ya zama dole mu tabbatar. Iya, ɗan sauko ki zauna a inuwa."

Na ce wasa nake yi. Ya ce ya sani, abin ba zai ɗauki lokaci ba. Ɗaya ya bi ta zuwa gindin darbejiya ya durƙusa ya tambaye ta wani abu, ta amsa masa a hankali, ya dawo ya raɗa wa babban. Shi kuma ya juyo ya ce, "Baba, mene ne sunanta?"

Na ce, "Iya."

"A'a, sunan yanka."

Jama'a, a nan ne ƙasa ta fara juya mini. Ku tsaya ku ji uzurina kafin ku yanke hukunci. Sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, saboda haka tun a gidansu babu mai kiran sunan, Iya Ƙarama ake ce mata. Ranar ɗaurin aure liman ya faɗe shi sau ɗaya, ni kuwa ina can ɓoye a ɗakin abokina kamar yadda angwaye ke yi. Da ta tare ta zama Amarya, daga baya ta zama Uwargida, in ina sauri kuma "Ke". Mutumin kirki a zamaninmu ba ya kama sunan matarsa ta fari. Na san na taɓa jin sunan. Na san yana nan cikin kaina, kamar akuyar da ta shige garken wani. Na kira, na kira, ta ƙi fitowa.

Yaron ya ce, "Baba, muna jira."

Wani mai rake da ke bakin hanyar ya matso. Wasu mata da suka ɗebo ruwa suka sauke tulunansu. Sai ga wani suna ya faɗo mini a baki, da sauƙi, kamar dama yana bakin ƙofa yana jira. Na ɗaga murya don kowa ya ji, har da mai sunan, na ce, "Rakiya."

Yaron ya girgiza kai.

Rakiya wata mai tallan fura ce a Sandamu da na yi shekara biyu ina nema kafin in yi aure, ta ƙi ni ta auri direban babbar mota. Unguwarsu ɗaya da Uwargida. Tare suke zuwa rijiya.

Ban iya duban gindin darbejiyar nan ba. Yaron, don ya fitar da ni, ya je wajenta ya ce, "To Iya, ke faɗa mana sunansa." Ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Shekara arba'in ban faɗa a cikin ɗaki ba, ba zan fara a bakin titi ba." Matan nan masu tulu suka ce gaskiyarta. Yaron ya sosa kai ya ce, "Miji bai sani ba, mata ba za ta faɗa ba. Sai dai mu je wajen mai gari."

A raina ba mai gari nake tsoro ba. Abin da nake gani shi ne ta koma ɗakin nan ta ja labule, babur ya koma ɗaukar awaki, duk sauƙin da aka samu ya zube saboda bakina.

Sai ta miƙe. Ta tako a hankali har inda muke, ba ta ko kalle ni ba, ta ce wa yaron, "Ɗana, sa hannu a aljihunsa na dama. Akwai ɓarin goro da ya gatsa tun jiya, da carbi da aka ɗaure da jan zare, ni na ɗaure. A kafaɗarsa ta hagu akwai tabo. Zai ce maka ɓarayi ne suka sare shi a hanyar Damagaram. Bunsuru ne, a gabana aka yi. Aljihun hagu kuma katin asibitina ne. Karanta, amma a zuci."

Yaron ya zaro goro, ya zaro carbi, ya zaro kati. Ya duba, ya dube ni. Wato wata uku ina yawo da sunan a aljihuna, mako ukun da na yi a boko bai kai ni wajen ba.

Ta ce, "Ku sake shi. Da ba mijina ba ne, da ya san sunana. Mai neman mace shi ke haddace suna."

Mai rake sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Samarin suna ba ni haƙuri suna cije leɓe. Babban ma shi ya tayar mini da babur, don ƙafata ta ƙi samun kik.

Muka isa bakin dam. Na shimfiɗa tabarma, ta zuba dambu, muka ci muna kallon masunta. Can na yi ƙarfin hali na ce, "Uwargida, tuba nake. Faɗa mini, wallahi ba zan sake mantawa ba."

Ta ce, "Tambayi Rakiya."

Ta kurɓi fura, ta daɗe tana kallon ruwa, sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda rabona da ji tun kafin bikin auta. Ta share ido ta ce, "Malam, ga sharaɗi. Duk fitar da muka yi, kana da damar cankar suna ɗaya. Ɗaya tak. Ranar da ka dace, ka huta da yawo da tsohuwa."

A wurin na ce, "Hadiza." Ta ce, "Allah ya kai mu wata Larabar."

Yanzu zan faɗa muku abin da ban faɗa a majalisa ba. Washegari da sassafe na kai wa mai kemis katin nan ya karanta mini. Suna ne mai daɗi, na riƙe shi gam, ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa. Amma ranar fita ta gaba, a gindin wata kuka a hanyar Zango, da ta ce in canka sai na ce, "Balaraba." Ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Ka kusa." Ƙarya take yi, ko hanya ba su haɗa ba. Ta san na sani, don matar mai kemis ƙawarta ce.

Yau shekara nawa ke nan, mun zaga ƙasar Daura har inda babur ba ya shiga, likita ya rage mata ƙwaya, ni kuma sunayen matan Hausa sun kusa ƙare mini, na fara shiga na Fulani. Abin da na koya dai biyu ne. In yaro mai sabon gemu ya tare ka a hanya, ajiye wasa a gida. Sannan in ana ɗaura maka aure, ko a ɗakin aboki kake ɓoye, ka kasa kunne ta taga.