Nomau da Shafin da Ya Kwanta

A garin Gidan Faru shago ɗaya ne tak na buga takardu, na Sallau da matarsa Lantana. Bijimin da mahaifinsa ya ba shi Sallau ya sayar ya sayi kwamfuta, tun daga ranar kuwa tsohon, Malam Barau, ya daina amsa gaisuwarsa. Na ukunsu a gidan shi ne Nomau, ƙanin Lantana, ƙato mai gemu, zuciyarsa fara tas, sai dai yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Iyayensu sun rasu, ba shi da kowa sai yayarsa. Ta koya masa bugu da yatsa ɗaya, don ya ci tuwon gidan ba da gori ba.

Wata rana hedimasta ya kawo jadawalin jarrabawa mai faɗi, gefensa ya ƙi shiga shafi. Lantana tana rarrashin goyo, ta ce, "Nomau, kwantar da shafin." Kafin ta juyo ya ciccibi allon kwamfutar ya kwantar a kan benci, har ya tura masa hularsa a ƙarƙashi don kada ya ji tauri.

"Ya kwanta, Yaya."

Hedimasta ya yi dariya har da riƙe ciki, kafin la'asar labari ya isa majalisar Malam Barau. Lantana ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta zaunar da shi ta nuna masa. "Ka shiga nan, wajen tsarin shafi. Ga hoton takarda a tsaye, ga ta a kwance. Ta kwancen za ka danna. Ka riƙe wannan: duk abin da bai samu wuri a tsaye ba, a kwance zai samu."

Nomau kuwa ya riƙe, riƙo na gaske.

Wata rana Alhaji Mudi dillalin shanu ya zo, mutum dogo, ƙofar shago kuma gajera. Ya sunkuya, hula ta faɗi. Nomau ya yi wuf ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ya ce cikin ladabi, "Alhaji, kai sai a kwance za ka shiga."

"Gawa ka ɗauke ni?" in ji Alhaji. Ya tsinci hularsa ya tafi da takardunsa.

Ranar Sallau bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi wa Lantana sauƙi. Ya ce, "Kullum sai an kai wa Baba abin da zai ce da ma ya faɗa. In Nomau ya sake ɗaya, ƙauye zai koma." Lantana ta san ba wanda zai karɓe shi a can, amma kunya ta hana ta ɗaga ido, balle ta roƙa. Ta ja Nomau gefe ta ce, "Daga yau kada ka kwantar da komai sai mai takarda ya ce da bakinsa babu wuri."

Wata rana, ranar kasuwa, Sallau ba ya nan, sai ga Malam Barau da kansa ya yi sallama. Taron zumunci ya matso, yana son a buga sunayen 'ya'yansa a jere, jikoki a ƙasansu, kuma ba wani shagon a garin. Lantana ta durƙusa ta gaishe shi, ta shige bayan labule, don ba a zama gaban suruki. Tana ji tana gani aiki ya faɗa hannun Nomau.

Tsoho yana faɗa, Nomau yana tsintar haruffa, har layin 'ya'ya ya cika shafi daga gefe zuwa gefe. Nomau ya duba, ya sake dubawa.

"Baba, ban ga Yaya Sallau ba."

Fuskar tsoho ta murtuke. "Babu wurinsa."

Lantana ta dafe kai. Shi ke nan, ta ce a ranta, yau sai ƙauye. Ta ji ƙarar dannawa, ta ji yatsa ɗaya yana tafiya a hankali, injin bugu ya turo takarda. Nomau ya miƙa da hannu biyu.

"Ga wuri ya samu, Baba. Tsayuwar ce ta matse shi."

Shafi ya kwanta, layi ya buɗe, ga sunan Sallau a ƙarshe kusa da yayyensa. Malam Barau ya daɗe yana kallon takardar, ya ɗora babban yatsansa a kan sunan autansa bai ɗauke ba. Lantana tana leƙe ta jikin labule, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na kunya ne ko na mene ne ba.

Can tsoho ya yi gyaran murya. "A bar ta haka. Kai za ka buga sauran, kada a ba kowa. Ka kuma ce masa ya zo taron."

Nomau ya gyara zama, don ba ya son ya sake ɓata wa yayarsa rai. "Baba, a tsaye zai zo ko a kwance?"

Tsoho ya juya baya don kada a ga bakinsa yana motsi.

"A tsaye," ya ce. "Da ƙafarsa."