Rasuwar Dattijo, Allon Jifan Garejinmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni Leonard Ormerod, wanda 'yan kallo suka fi sani da Len Birkila, a madadin kaina da matata Brenda, wadda ta ce kada in sa sunanta amma na sa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da duk ma'abota wasan jifan kibiya na garin Rochdale da kewaye rasuwar allon jifana, wanda muke kira Dattijo. Ya cika da safiyar Juma'ar makon jiya a cikin bahon wankan gidanmu, bayan jinyar kwana ɗaya tak, yana da shekara goma sha ɗaya a jikin bangon gareji.

Mahaifina Harold, wanda shi ma birkila ne, shi ya kafa marigayin da hannunsa. Ya yi awo sau uku, ya buga ƙusa, ya rataya shi, ya ja da baya ya dube shi, sannan ya ce in haɗo shayi. Hunturun shekarar bai ƙare ba Baba ya bar duniya. Tun daga ranar ban taɓa motsa Dattijo daga inda ya bar shi ba. Na san ƙa'ida, ba sai an karanta mini ita ba. Kowa ya san ana sauke allo duk mako, a cire zoben lambobin, a juya shi, don kada wuri ɗaya ya yi ta shan sara. Amma abin da hannun Baba ya daidaita ban ga hannun da zai juya shi ba, har nawa.

Duk wanda ya san marigayin zai shaide shi da karamci. Gidan sittin, ɗan siririn jan gurbin nan da ke ƙarƙashin lamba ashirin, inda kibiya ɗaya ke ba mutum maki sittin, a sauran alluna matsattse ne, da ƙyar ƙaramin yatsa ke rufe shi. Na Dattijo ba haka yake ba. Shekara da shekaru kibiyoyina suna dukan wayar da ta kewaye gurbin, ta sama ta yi sama, ta ƙasa ta yi ƙasa, har wurin ya buɗe yana ɗaukar yatsu biyu ba tare da ƙorafi ba. Bai taɓa mayar da baƙo ba. Ba shi da yawan magana, kalmarsa ɗaya ce, sau uku yake faɗinta: tib, tib, tib. Ɗari da tamanin ke nan, makin da ba a wuce shi. Akwai safiyar da ya ba ni shi sau goma sha tara kafin buta ta tafasa.

Ba zan ɓoye ba, marigayin ya sha baƙar magana a gidan nan. Wata rana Brenda ta shigo gareji da kwandon wanki a kwankwaso, ta tsaya tana kallonmu.

"Len, wannan fa ba gidan sittin ba ne, ƙofar gareji ce ta biyu. Ko takalmi na jefa sai ya shiga."

"Jefa mu gani," na ce.

Ta karɓi kibiya da hagu, ko kwandon ba ta ajiye ba, ta wurga. Tib. Ta fita ba ta waiwayo ba. Ni dai abin da na gani a nan shi ne Dattijo ba ya riƙe mutum a zuci, har masu zaginsa yana ba su sittin.

Bara na yi wata sa'a a gasar fitar da gwani, sai ga goron gayyata zuwa gasar Alhamis ta ƙwararru, ina da shekara hamsin da uku. Mu takwas ne, Alhamis goma sha huɗu, kowace a wani gari, a manyan zaure cike da dubban mutane masu shigar ayaba da ta kaji, ga masu ɗaukar talabijin ta kowace kusurwa. Sharaɗin ɗaya ne: wanda ya ƙare a ƙarshen tebur an sallame shi. Matashi in an sallame shi yana dawowa. Mai shekaruna da kafaɗa irin tawa kuwa, sai dai ya koma hawa katakon gini cikin ruwan sama, kuma na san ba zan kai shekara biyu a can ba. Don haka na shige gareji, awa shida kullum, ni da Dattijo. Ya ba ni duk abin da yake da shi, gurbin ma ya ƙara buɗewa.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku, ba sai na tsawaita ba. A gida ni zaki ne. Da na hau dandamali sai kibiyar ta sauka kaurin gashi sama da waya, ta biyu kaurin gashi ƙasa da ita, ta uku ta bi 'yar'uwarta. Wuri ɗaya nake jifa, wurin da Dattijo ke ba ni ɗari da tamanin, amma sai mai shela ya ja murya ya ce sittin kacal a kibiya uku, kamar mai karanta sakamakon asibiti. A mako na biyar 'yan kallo suka haɗa mini waƙa, amshinta "Birkila, koma gini". Har a layin sayen kifi da dankali na ji wata tsohuwa tana rera ta. Na rubuta takardar koke cewa allunan gasar an matse musu gidan sittin. Alƙalai suka kira ni cikin ladabi, suka auna a gabana, suka ce daidai yake, suka tambaye ni ko ina samun barci. Na dawo gida na faɗa wa Dattijo. Tib, tib, tib, ya ce, hankalina ya kwanta.

Zuwa mako na goma sha uku wasa biyu kaɗai na ci. Gethin Prosser, wani dogon mutumin Wales mai murmushin da ba ya ƙarewa, shi ma biyu ya ci, kuma da shi aka haɗa ni a makon ƙarshe. Wanda ya faɗi, ya tafi.

A nan ajali ya shigo, ta hannun surukina Baba Wilf, mahaifin Brenda, mai shekara tamanin da ɗaya. Shi a zamaninsa a mashayun Manchester ya yi jifa, inda allon katako suke amfani da shi, yankakken gungumen icce, wanda in ba a kwana da shi a cikin ruwa ba sai ya bushe ya tsage. Kowace mashaya da gangar jiƙon allonta. Shekaru ke nan duk Lahadin da ya zo cin abinci sai ya leƙa gareji, ya shafa fuskar Dattijo, ya girgiza kai ya ce, "Ƙishirwa ce ke damun bawan Allah nan." Ni kuwa sai in yi dariya. Ranar Alhamis ɗin da nake Aberdeen ina shan kaye na goma sha ɗaya, tausayi ya ci ƙarfin tsoho. Ya sa aka sauke Dattijo, ya tara ruwa a baho, ya kwantar da shi, har da ɗora masa tukunyar ƙarfe don kada ya taso. Dattijo kuwa ba katako ba ne. Zare ne dubbai aka matse aka manne, ruwa shi ne dafinsa.

Da safe na sauka daga jirgin ƙasa, na hau bene don in watsa ruwa, na tarar da shi. Ya kumbura kamar burodin da aka manta a cikin shayi, baƙinsa da jansa sun zube sun rina ruwan. Na durƙusa na ɗaga tukunyar. Sai wani ɗan kumfa ya taso daga gidan sittin, ya ce bul. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe, kuma ni kaɗai na ji ta.

Baba Wilf ya leƙo da kofin shayi a hannu, fuska cike da jiran godiya.

"Bar shi ya tsane, yaro. Gobe ka gan shi kamar sabo."

"Baba Wilf, wannan ba icce ba ne."

"Ba icce ba?" Ya matso ya taɓa gawar da yatsa, yatsan ya nutse. "To ai shi ya sa bai yi ƙarko ba."

Iyalan mamacin ba su zargin kowa. Sai dai ana so a rubuta, don tarihi, cewa allon yana da nauyi, bahon yana saman bene, gwiwoyin Baba Wilf kuwa ko matakalar coci ba sa hawa sai an riƙe shi. Ana kuma so a rubuta cewa kafin gawa ta tsane, Brenda ta buɗe bayan motarta ta fito da sabon allo a kwalinsa, wanda daga baya na gano tun ranar Talata yake ciki. Da na tambaye ta, cewa ta yi, "Ikon Allah ke nan, Len. Sha shayinka."

Na rantse ba zan shiga gareji ba, zuciyata ba za ta ɗauki ganin bangon ba. Sai aka rataya baƙon allon a bayan ƙofar kicin. Ban taɓa ganin marowaci mara kunya irinsa ba. Gidan sittinsa kamar bakin mai fushi, wayarsa kuma in kibiya ta taɓa ta sai ta ce ƙyal, ta watso mini ita ƙasa a gaban kyanwa. Ranar farko ko ɗari da tamanin ɗaya bai ba ni ba. Na zage shi, na zagi wanda ya ƙera shi, na yi kuka a gaban firij, ba na jin kunyar faɗa. Tsoro nake ji, don ina hango katakon gini. Rana ta uku, saboda tsabar haushi, na daina jifan unguwar na koma jifan gurbin kansa. Rana ta biyar ya fara sakin hannu, ba don yana so ba.

Ranar Alhamis a Sheffield na ci Prosser bakwai da biyar, na buga ɗari da tamanin sau biyar, masu shigar ayaba suka rasa abin rerawa. Prosser ya kama hannuna, murmushin nan yana nan amma ya ɗan karkace.

"Birkila, me ka ci yau?"

"Rasuwa aka yi mini," na ce masa.

Ya rungume ni ya yi mini ta'aziyya, bai tambayi wa ya rasu ba, ni ma ban faɗa ba. Ina nan a gasar baɗi. Brenda tana da nata bayanin yadda aka yi haka, tana kuma ba da shi kyauta ga duk wanda ya tsaya. Ni nawa bayanin shi ne Dattijo ya ga halin da nake ciki ya sadaukar da ransa, kuma ina roƙon masu zuwa gaisuwa su tsaya a kan wannan.

Marigayin ya bar kibiyoyi uku, da tsohuwar tayar mota da ta kewaye shi tana tare masa ɓatattun jifa, da fitila mai ido ɗaya, da shimfiɗar roba wadda sawun ƙafata ta dama ya lotsa, da wani gizo-gizo da ya zauna a bayan lamba uku tun ban san yaushe ba, wanda har yanzu ba a san inda yake ba. Ya kuma bar ƙusa ɗaya a bango.

Jiya, washegarin wasan, na yi ta maza na buɗe garejin don in kwashe kayan mamaci. Inda Dattijo ya zauna akwai farar da'ira, fentin bai dushe ba. A tsakiyar da'irar, ƙarƙashin ƙusar, akwai rubutu da fensirin birkila, irin mai faɗin nan, da hannun da zan gane ko a cikin dubu. Ga abin da ya ce:

"Len, in kana karanta wannan, ashe kana jin magana. Juya shi ka mayar. Sai mako mai zuwa. Baba."

A ƙasa ya sa kwanan watan ranar da ya aike ni haɗo shayi. Shekara goma sha ɗaya saƙon yana jirana a bayan allon da na ƙi taɓawa don girmama mai saƙon. Na zauna a kan tayar na yi dariya har ta koma wani abu dabam. Brenda ta leƙo, ta karanta, sai ta zauna kusa da ni.

Za a yi jana'iza gobe Lahadi da ƙarfe biyu na rana a lambun Baba Wilf da ke bayan layin dogo, tsakanin kabeji da albasa. Shi zai haƙa ramin, Brenda za ta taya shi, tunda sun saba aiki tare. Ba sai an yi wa gawar wanka ba, an riga an yi. Ba a bukatar furanni, kuma ana roƙon jama'a kada kowa ya zo da ruwa ko da na sha ne. Wayar gidan sittin ba za a binne ta ba, na cire ta na ajiye a aljihun rigar wasana. Bayan an watse akwai shayi da kifi da dankali a gidanmu, masu waƙar "koma gini" su ma suna iya zuwa, amma su zo da kujerunsu.

Da ƙarfe biyar za a ɗauko marowacin nan daga ƙofar kicin a rataya shi a ƙusar Dattijo. Duk Lahadi zan sauke shi in juya. Kada wani ya ce don Brenda ta yi gaskiya ne. Akwai wanda ya ce mini sai mako mai zuwa, kuma na riga na makara.