Ranar da Na Hau Soro da Alƙalami

Dole wasiƙata ga wakilin fatuna na Ikko ta bi jirgin gobe, amma masu sallama sun hana ni sakat a zaure. Ni da ba na rasa dabara, sai na hau kan soro da tawada, na sa ƙanena ya tafi da tsani sai la'asar.

Na manta daga can ana hango tsakar gidan maƙwabcina Malam Bukar. Layi biyu na rubuta, matansa suka kurma ihu: "Ƙato a sama!"

Malam ya fito da gora. "Alhaji, kai ne? Sauko!"

"Ba tsani, Malam."

Na juya baya, na ƙarasa wasiƙata cikin rana. Har yau dattawan unguwarmu ta Madabo kan tare ni: "Alhaji, yau a ƙasa kake?"