Lissafin Taya

Wani mutum ne a Tawa, ya samu permi, takardar tuƙi, da ƙyar, sai yayansa Alƙasum ya ba shi tsohuwar mota ya riƙa jigilar mutanen Kalfu. Da zai miƙa masa makulli ya ce, "Ka yi hankali da 'yan kabu-kabu masu haya da babur. Motar nan ita ke ciyar da gidana."

Ya ce, "Haba yaya, moto har wani abu ne?"

Ranar kasuwa ya cika mota, ya iso mararraba kusa da kasuwar dabbobi. Ga ɗan kabu-kabu can ya taso. Wata tsohuwa, Rakia, tana zaune gaba da kwaryar nono a cinya. Ta ce, "Ɗana, dakata shi wuce."

Ya ce, "Inna, ke nono kika sani. Mota taya huɗu, moto taya biyu. Rabin guduna gare shi. Kafin ya iso mun kai Kalfu."

Ya kutsa. Ji kake fau! Moto ya tafi da madubi, nono ya wanke wa direba fuska har cikin kunne. Ɗan kabu-kabu ya tashi yana kakkaɓe wando, ya zage shi tas, ya haɗa da wanda ya ba shi permi.

Mutumin ya share gira, ya shiga nazari. Can ya buga sitiyari. "Na gane! Lissafin ne na juya. Ashe taya nauyi ce. Mai taya kaɗan shi ya fi gudu."

Suka ci gaba. Sun zo hawa kwalta, sai ya hango wani dattijo a kan keke, can nesa kamar ƙuda. Ya taka birki, kowa ya gwara goshi.

Rakia ta ce, "Mi kuma ya faru?"

Ya ce, "Taya biyu, kuma sirara. Wannan ya fi na ɗazu haɗari."

Aka zauna. Rana ta take, motocin baya suna ta ham, wani fasinja ya sauka ya sayo rake ya dawo. Da dattijon ya iso, sai ya sauka daga keken, ya leƙo ta taga. "Sannunku. Lalacewa ta yi? In taya ku turi?"

Sun ɗan taɓa gaba kenan, sai ga mai tallan mangwaro ya ɓullo daga lungu, yana tura baro.

Direba ya ƙwala ihu, "Innalillahi! Taya ɗaya!"

Ya murɗe sitiyari iya ƙarfinsa. Mota ta bar hanya, ta rushe rumfar mai shayi, ta dasa hanci cikin kwata. Mai baro ya zo ya wuce su a hankali, yana "Mangwaro, mangwaro mai zaƙi."

Aka kira Alƙasum. Ya zo ya zagaya motarsa. Ƙanen ya fito da tukunyar shayi a ƙafa, ya shiga yi masa bayanin lissafi tun daga huɗu har zuwa ɗaya.

Alƙasum ya saurara har ƙarshe, ya miƙa hannu. "Lissafinka daidai ne. Kawo makulli. Daga yau a ƙasa za ka riƙa tafiya. Ba taya ko ɗaya, ka ga duk Tawa ba mai kamo ka."