Na'urar da Ba Ta Son Rana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je awon gonar Kawu Sule ba, ko na so in manta ma mutanen garinmu ba za su bari ba.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, lokacin da wayar hannu ta fara shiga ƙauyukan Kura. Aikin kammala karatuna shi ne haɗa na'urar da ke auna tudu da gangaren ƙasa ta tauraron ɗan'adam, awon da kuskurensa bai wuce faɗin yatsa ba. Kai biyu gare ta. Ɗaya a kafa shi wuri guda kada ya motsa ko kaɗan, ɗayan a ɗaura a sanda a yi ta zagaya gona da shi. Wata 'yar kwamfuta ce ke gwada saƙonnin biyun ta faɗi tsayin inda kake tsaye. To, wajen zaɓen kwamfutar nan na jawo wa kaina.

Malamina ya ajiye mini guda biyu. Ɗaya 'yar firit, ba fanka, ba ta cin batir. Ɗayar ƙatuwa, ga sauri, ga fitilu, ga fanka tana huci. Ya ce, "Ka tuna gona za ka, ba ofis ba." Na ce na ji, na sunkuci babbar (wallahi fitilun ne suka ja ni, amma na ce masa saurin lissafi nake so). Sai batirin mota ke iya da ita, ba ta ɗaukuwa a baya, dole na haɗa ta akwati ɗaya da kan da ba ya motsi, amsa ta riƙa zuwa mini ta rediyo.

Kawu Sule ƙanin mahaifiyata ne, gonarsa na can ƙarshen kanal wajen Bunkure. Ruwa ba ya kaiwa kusurwar gabas, kullum tumatirin wurin ƙonewa yake. Ya ce bana in bai gyaru ba ya haƙura da noman rani, alhali da shi yake riƙe gidansa. Na bugi ƙirji na ce ya bar mini. Ya ɗauko 'yan ƙwadago da shebur da kwanon sarki, maƙwabta kuma suka zo kallon ɗan boko.

Na kafa akwati a bakin gona. Hantsi na dubawa fanka ta fara kuka, na taɓa na ji kamar murfin tukunya. Na ce a fili, "Wannan rana za ta kashe mini ita." Na saɓi sandata na yi gabas.

Ina isa kusurwar sai lambobi suka nuna wurin ya fi ko'ina zurfi, da kusan kamu guda. Idona na ganin tudu, amma wa zai yi musu da tauraron ɗan'adam? Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, "Nan rami ne, ciko za a yi." 'Yan ƙwadago suka kalli juna. Babbansu ya ce, "Injiniya, ciko?" Na ce, "Ciko." (Har da ɗaga yatsa na yi.) Suka fara jido ƙasa suna jibgewa a kan tudun da ya hana ruwa wucewa.

Ƙishirwa ce ta maido ni. Na duba inda na bar akwati, wayam. Can sama kan gaɓar kanal, cikin rumfar da ake tara kwandunan tumatir, na hango shi an shimfiɗa masa buhu, Kawu na zaune yana yi masa fifita da malafa.

Ya ce, "Na ji ka ce rana za ta kashe ta, ɗana. Kayan makaranta ne, ai ba ma bari su lalace a gonarmu ba."

Kunya ta lulluɓe ni. An ɗaga akwati sama tun ina hanya, da kan da ba ya motsi a cikinsa, shi ya sa tudu ya koma rami. Haka na taka na koma gabas a gaban jama'a na ce, "Don Allah a kwashe." Ba wanda ya yi dariya sai da na ɗauki kwanon sarki da kaina, sannan aka saki.

Ban daddara ba. Kafin ranar sakin ruwa na dawo da 'yar ƙaramar kwamfutar cikin gwangwanin madara, a aljihuna, kan da ba ya motsi kuwa na kafa shi na roƙi kowa ya bar shi da ranarsa. Muka auna, aka sare inda ya kamata. Da ruwa ya isa kusurwar gabas Kawu ya tsuguna ya sa hannu ciki. Na ji daɗi har ƙwalla ta zo mini.

Yanzu in zan zaɓi na'ura, kafin in tambayi saurinta sai na tambaya ko tana jure rana. In ba ta jurewa, mutanenmu akwai tausayi, za su kai ta inuwa.