Akwatin Kifin da Na Shanya a Rana

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Alhamis ba, don a daidai lokacin na yi ƙaryar da ta jiƙa ni. Ina aji huɗu a sakandare a Birnin Gwari, ƙarshen shekarun saba'in. Ranar Asabar sufeton makarantu zai zo ya zaɓi aikin kimiyya ɗaya da za a kai gasa Kaduna, ni kuwa na ƙudurta nawa za a ɗauka: akwatin gilashi, kifi na yawo a ciki, irin wanda na gani a littafi.

Baba Yohanna, kafintan makarantarmu, dattijo ne mutumin Kusasu da ya taɓa aiki da kamfanin gine-gine. Shi ya yanka mini gilashi biyar daga ragowar tagogi. Malamar kimiyya kuma ta samo mini gam ɗin silikon, a 'yar roba kamar ta man goge baki, sai dai kwalinsa mai bayani ya ɓata a hanya. Da Baba ya miƙo gilashin, sai ya dubi robar ya ce, "'Yar boko, kin san yadda ake aiki da wannan?"

Ban sani ba. Amma ni mutum ce da gara in kwana uku ina laluben littafi da in buɗe baki in yi tambaya. Na sunkuyar da kai na ce, "Na sani, Baba." Na ma duba agogo na rubuta lokacin a littafina (komai sai na rubuta, har yawan tsinken da ke tsintsiyar ajinmu na taɓa ƙirgawa).

Sai na koma ga ilimin gida. A gidanmu duk abin da ake so ya bushe, rana ake ba shi: kuɓewa, tumatir, barkono, tubalin ƙasa. Kuma duk wanda ya ga ana yaɓen rumbu ya san mai kauri ya fi ƙarko. Na lafta gam ɗin a kowace kusurwa, kaurin babban yatsa, na ɗaure da tsumma. Ranar Juma'a na ɗauki akwatin a ka na kai shi kan dutsen bayan ɗakin girki, kusa da barkonon masu dafa abinci. Bazara ce, rana kamar ta fasa kai. Ina zaune ina gadinsa ina juya shi, don kowane gefe ya samu rabonsa. Bayan kowace awa in taɓa da yatsa in rubuta. Kafin la'asar na rubuta "ya bushe sarai", har na ja layi biyu a ƙasa.

Ƙawata Talatu ta sa babanta ya kamo mana kifi a wani rafi cikin daji wajen Damari: ƙananan karfasa shida da tarwaɗa ɗaya mai gashin baki. Da safiyar Asabar muka jera tsakuwa, muka juye ruwa bokiti huɗu, muka saki kifin. Ko ɗigo bai fita ba. Talatu ta ce, "Ke dai ki fara guge takalmin zuwa Kaduna."

Sufeto ya iso teburina da farar babbar riga, shugabar makaranta na biye. Na haddace bayanina tsaf. Na kai wajen da nake cewa, "Wannan gam ba ya barin ruwa ya wuce," sai na ga gilashin gaba yana sunkuyowa a hankali, kamar mai gaishe da surukai. Na sa hannu biyu na tare, kuma (wannan ne ya fi ba ni kunya har yau) ban daina bayanin ba. Ina riƙe da gilashi, ruwa na gangara ta gwiwar hannuna, ina faɗin amfanin tsakuwa. Sai na gefe shi ma ya buɗe.

Bokiti huɗun nan a kan sufeto suka ƙare. Tarwaɗar ta sauka a takalminsa tana wutsil-wutsil. Ya ɗage riga ya ce, "'Yata, ita ma tana cikin bayanin?" Aka bushe da dariya. Talatu ce ta yi ta bin kifin da bokiti, ni ina tsaye da gilashi a ƙirji, gam ɗin yana dalala daga ciki ɗanye shakaf kamar kunun da bai huce ba. Aikin wata mai hura balan-balan da kanwa da tsamiya aka kai Kaduna. Ni kuma na samu suna Sarkin Ruwa har na gama makaranta.

Kuka na yi, ban ɓoye ba. Amma na rantse sai akwatin nan ya riƙe ruwa, ko babu mai kallo. Na kankare gilashin da reza, na wanke, na shiga ɗakin karatu na bi littattafan kimiyya ɗaya bayan ɗaya. Babu inda aka faɗi kwanakin bushewar gam ɗin. A nan na gane kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, ni kuwa na guje mata na ɗauko ta shekara biyu.

Ranar Talata na tsaya a ƙofar shagon Baba Yohanna har ya gama feƙe katako. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ashe ban sani ba. Kwana nawa yake yi?"

Ya karkaɗe hannu, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba rana ke busar da shi ba, danshin iska yake sha, daga waje zuwa ciki. Ki shafa siriri, ki ajiye a inuwa. Muddin hancinki na jin tsaminsa, bai nuna ba. Kwana bakwai, 'yata. Kuma a kwana bakwan nan ba abin da za ki yi masa. Na san wannan ne zai fi ba ki wuya."