Ranar da Makau Ya Kashe wa Mai Girma Inji

In ka tsai da mutum goma a Anka ka tambaye su wane ne Makau mai gidan kallon ƙwallo, tara za su ce maka marowaci ne. Na goman zai ce shi ba ya gulma, amma ka koma ka ƙara tambayar taran can. Haladu mai faci, wanda rumfarsa ke manne da gidan kallon, har rantsuwa yake yi wai ya taɓa ganin Makau yana matse tsumman da ya goge bakin jarka cikin tankin inji. Masu shayi kuwa cewa suke in ƙuda ya faɗa masa a kofi, sai ya tsotse ƙafafunsa kafin ya yar.

Hujjar kowa guda ce. Shekara tara ke nan da buɗe gidan, kuma duk Asabar, a wasan ƙarfe uku, da zarar alƙalin wasa ya busa usur na hutun rabin lokaci, kafin 'yan wasa su kai bakin fili, Makau ya kashe inji. Ɗif! Ba hoto, ba fanka, sai zafin kwano a tsakar ka. Sai ya jero butoci a ƙofa ya ce, "La'asar." Kalma ɗaya tak. Mu fita mu yi sahu a filin da ke gefen rumfar Haladu, mu dawo, ya ja igiyar inji. Sau da yawa mukan tarar an riga an zura ƙwallo a bayan idonmu, a yi ta tsaki. Kowa ya ce ai ba don Allah yake yi ba, man minti goma sha biyar yake ceto.

Ni ma ina cikin taran nan, kuma nawa ya fi muni, don ni rubutawa na yi. Masu bin wannan fili nawa na jarida za su tuna bara na yi magana kan "wani mai gidan kallo da ke auna fetur da cokalin shayi ya kuma sa wa rowarsa rawani." Ban ambaci suna ba, amma a Anka in ka ce mai doguwar wuya ba sai ka ce raƙumi ba. Ni ba mai yawan magana ba ne, bencin ƙarshe nake zama kusa da ƙofa in yi ta saurare. Sai dai boko ban same shi ba sai da na haura arba'in, a ajin yaƙi da jahilci, kuma wanda ya koyi rubutu da furfura, alƙalami kan yi masa ƙaiƙayi a hannu. Makau ya ji labari. Asabar ta zagayo ya miƙo mini buta kamar kullum.

To, watan jiya na je suna Gummi, gidan surukina, inda ake da wutar sola kuma ba mai kashe komai. A can na fara ganin abin da mu mutanen Anka muka daɗe muna asara. Ana tafiya hutu sai ga tallar kamfanin caca, wai ka sa kaɗan ka kwashi da yawa. Tana ƙarewa sai allo ya yi fari fat, aka saki wani sanyin sauti, sai ga babban ɗan siyasar nan namu, Mai Girma Inuwar Bayin Allah, Allah ya ƙara masa inuwa, cikin babbar riga mai ɗaukar ido, carbi har gwiwa, ya durƙusa gaban famfo yana alwala. Ruwa na zuba shaa kamar a bakin gulbi. Ya ɗago kai ya dube mu da tausayi ya ce, "'Yan uwana matasa, kada ƙwallo ta shagaltar da ku. Ku tsai da sallah a kan lokacinta." Wata murya ta biyo baya da cewa wannan tunatarwa ce daga Mai Girma, mai ƙaunarku duniya da lahira. Daga nan sai tallar maganin basir.

Sau uku aka maimaita kafin a dawo wasa. Magana ta gaskiya, nasihar ba ta da aibu ko kaɗan, ko limaminmu iyakar abin da zai faɗa ke nan. Abin da ya tsaya mini a rai famfon ne. Na gane shi. Yana kan hanyar Nasarawa Burkullu, ga tsamiya a bayansa, ga allon da aka rubuta sunan wanda ya gina. Rabon famfon nan da ɗigon ruwa tun ranar da aka yanke ƙyalle. Awaki ke kwana a gindinsa. Amma ga shi a talabijin yana ambaliya. Na ce ikon Allah, ashe famfo ma ya san manya.

Ba a yi kwana goma ba sai ga mota mai baƙin gilashi a ƙofar gidan kallo. Wani matashi ya fito, mai suna Kamaluddeen, wai shi ne Babban Mataimaki na Musamman kan Isar da Tunatarwa. Ya tara mu ya tambaya yadda saƙon Mai Girma ya ratsa zukatanmu.

Haladu ya ce, "Wane saƙo, ranka shi daɗe? Shinkahwa anka aiko?"

Nan fa asiri ya tonu. Ashe duk dukiyar da aka narka a kan tallar nan, ba mahaluƙi ɗaya da ya taɓa ganin ta a gidan Makau, don lokacin da Mai Girma ke cewa a tashi a yi sallah, mu muna raka'a ta biyu.

Bayan kwana biyu takarda ta iso, tare da jarkar fetur cike har wuya. Da yake ni ne mai karanta wa unguwa takardu, ni aka kira. Takardar ta ce an lura wasu gidajen kallo na hana jama'a amfana da tunatarwa. Daga yau wajibi ne a bar talabijin a kunne tun daga farkon hutu har ƙarshensa. An ba da mai kyauta don kada a kawo uzuri. Ranar Asabar za a zo duba, kuma duk gidan da ya saɓa za a karɓe takardar izininsa a garƙame shi.

Gidan nan shi ne gonar Makau, shi ne rumbunsa. Mutum goma sha ɗaya ke ci daga ƙofar nan. Don haka na naɗe takardar na ba shi shawara irin ta masu ilimi. Na ce, "Makau, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ka bar masu injinsu ya yi ta kuka. In an tashi wasa biyar saura, ai da sauran rana, sai a yi sallar. Tunda ma man ba naka ba ne, mene ne na damuwa?"

Ya dube ni, ya dubi jarkar, ya ɗauke ta ya kai lungu.

Haladu ya kwashe da dariya. "Ku dai ku gani. Ran Assabar injin ga har Magariba shina kuka. Man banza ne hwa! Ko mun tashi sai ya ce mu zamna a maimaita muna wasan."

Da na koma gida na ba uwargida Sahura labari, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "To Malam, in duk kun zamna kallon mai cewa a yi sallah, wa za shi yi sallar?" Na ce mata harkar gwamnati ce, ba za ta gane ba. Ta ce haka ne, shi ya sa ta tambayi mai boko.

Asabar ta zo. Gida ya cika maƙil, har da waɗanda ba su san ƙwallo zagaye take ba, sun zo ganin ƙwaƙwaf. Kamaluddeen ya iso da mai ɗaukar hoto, aka sa masa kujerar roba a gaba, ya bayyana mana cewa da Mai Girma ya fito a allo, ana so mu nutsu, masu iya gyaɗa kai su gyaɗa, in da mai saurin hawaye ya matso gaba. Masu jar riga da masu shuɗiya suna kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Ni dai ban ga wasan ba, Makau nake kallo. Yana tsaye jikin ƙofa, hannu a baya, fuskar nan kamar an aiko masa da sammaci.

Alƙali ya busa. Mai hoto ya saita na'urarsa. Tallar caca ta fara. Makau ya juya ya fita.

Ɗif!

Wallahi har ƙarar kwano mai miƙewa a rana sai da muka ji. Kamaluddeen ya zabura. "Kai! Wa ya kashe? Man ya ƙare ne?"

Makau ya shigo da butoci shida a hannu, ya jera su a ƙofa. "La'asar."

"Malam, ba a karanta maka takarda ba? Ka san abin da ka yi kuwa? Saƙon Mai Girma ka kashe! Yau ɗin nan zan sa a rufe wurin nan!"

Makau ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban taɓa ganin saƙon ba. Mi Mai Girma ka cewa ciki?"

"Cewa yake a tsai da sallah a kan lokacinta!"

"To, lokacin ya yi."

Kamar an haɗa baki, sai ga muryar ladan daga masallacin bakin kasuwa. Kamaluddeen ya juyo. Ya dube mu, mutum sun fi sittin, kowa na naɗe hannun riga. Me zai ce? Ku zauna kar ku tafi sallah, ku ji mai cewa ku tafi sallah? Ya waiwaya neman mai hotonsa, ashe tuni bawan Allah ya ajiye na'ura ya kai wankin ƙafa.

Haladu, wanda na riga na ba labarin famfon tallar, ya miƙa masa buta da ladabi. "Bismillah, ranka shi daɗe. A yi tattali dai, ruwan 'yan garuwa ne. Namu famfon bai iya aiki sai gaban kyamara."

Ya karɓa. Amma kafin ya shiga sahu na ga ya ja baya, ya ɗaga wayarsa, ya ɗauki hotonmu ta gaba da ta gefe, yana murmushi irin na wanda ya tsinci dami a kala.

Da aka sallame, Makau ya shiga lungu ya fito da jarkar nan, murfinta ko motsawa ba a yi ba, ya dire ta gaban Kamaluddeen. "Ga manku. Ban taɓa ba." Nan ne na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Marowaci ya mai da jarkar mai cike, a garin da muke wuni a layi mu koma wurin 'yan bumburutu? Kamaluddeen ya sa aka kai ta bayan mota, ya ce za a mayar ofis. Ban yi musu ba. Ofis ɗin dai na da taya huɗu, na kuma ga inda ake zura masa mai.

Ranar Talata ina jin rediyo sai ga sanarwa. Wai tunatarwar Mai Girma Inuwar Bayin Allah ta samu karɓuwa ɗari bisa ɗari a Anka, inda matasa ke tashi sallah da zarar an tafi hutu, har ma ba sa jiran saƙon ya ƙare. An yaba wa wani gidan kallo a matsayin abin koyi, an kuma umarci na Gummi da Bukkuyum su yi koyi da shi. Kun ji aikin manya. La'asar ɗin da muka shekara tara muna yi, yanzu ta shiga jerin ayyukan da aka ƙaddamar. Saura a zo a yanke mata ƙyalle. Ni ban ƙi ba, tunda gidan Makau ya tsira, har an fara cewa za a ba shi lambar yabo. Da ma famfon hanyar Nasarawa zai samu irin wannan karɓuwa.

Da yammacin ranar na same shi yana share benci. Na tambaye shi abin da ya kamata in tambaya tun shekara tara da suka wuce. Ya ce, "Ran da zan buɗe wurin ga, Inna tac ce ba ta yarda ba, sai in ƙwallo ba za ta ci sallar ɗan kowa ba. Nic ce mata to. Ta rasu bara waccan. To ɗin tana nan."

Na ce, "Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba, ana ta zagin ka?"

Ya ce, "Wa yat tambaye ni?"

Ni da nake taƙamar iya saurare, ashe taran nan kawai na yi ta saurara. Na dawo gida na ɗauki alƙalami zan rubuta ban haƙuri a nan, Sahura ta ce Makau ba ya karanta jarida, kuma waɗanda suka yi dariyar cokalin shayi a gidan kallo suka yi ta, ba a takarda ba.

Don haka Asabar ɗin da ta wuce, da aka busa hutu, inji ya yi ɗif, kafin kowa ya motsa na miƙe daga bencin ƙarshe. Ban taɓa magana gaban mutum fiye da biyar ba. Haladu ya ce, "Yau kuma bebe za shi wa'azi?"

Na ce, "Jama'a, ku shaida. Makau, ni na rubuta cewa da cokali kake auna mai, ni na ce rawani ka sa wa rowa, ni kuma na ba ka shawarar ka bar injin. Duka ukun ban kyauta ba. Don girman Allah ka yafe mini."

Makau ya dube ni. Ya ce, "Allah shi yahe muna baki ɗai, Malam Nababa. Miƙo butar can, lokaci na tahiya."